Gudun kilomita 42 da ciwon gaɓoɓi

Kowace shekara a birnin Landan na ƙasar Ingila ana yin wani tseren ƙafa da ake kira maraton. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, wato tafiyar yini guda ga mai ƙafa. An fara shi a shekarar 1981. Da yawa cikin masu gudun ba kyauta suke nema ba. Kafin ranar sukan bi dangi da abokai neman gudummawa, kuɗin kuma a miƙa wa ƙungiyoyin taimakon jama'a. Zuwa 2019, abin da aka tara ya kai fam miliyan dubu.

Cikin masu gudun har da masu amosanin gaɓoɓi, ciwon da muke ce wa sanyin ƙashi. Sukan yi watanni suna shiri bisa shawarar likita. Wasu su yi gudu kaɗan, su taka kaɗan, har su isa.

Mu a nan, in gwiwar tsoho ta soma ciwo, sai mu shimfiɗa masa tabarma mu ce ya huta. Tausayi ne, amma dogon zama ƙara sandarar da gaɓa yake yi. A bakin ƙasusuwa akwai guringuntsi mai santsi. Ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, kuma motsi ne ke kai masa shi. Naman cinya ma in ya yi ƙarfi yakan rage wa gwiwa nauyi.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2019 mutane wajen miliyan 528 ke da amosanin da ke cinye guringuntsi. Mata sun fi yawa, gwiwa ce kuma ya fi kamawa.

Ba gudu muke ce ku yi ba. Tafiya a hankali zuwa gona ko masallaci, safe da marece, ta isa mafari. Mai noma a duƙe ya riƙa miƙewa, mai ɗaukar ruwa ta raba kayan biyu.

Amma in gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ko zazzaɓi ya biyo, a bar motsa ta, a tafi gidan likita. A kiyayi ƙwayoyin ƴan tebur: yawan shansu na ƙona ciki, yana lalata ƙoda.