Ƙaramar mota, babbar shari'a: dalilin ɓacewar suna a jikin kwali

Duk wanda ya san motocin Yaƙin Duniya na Biyu, da ya ga hoton da ke jikin wani kwali na kamfanin Tamiya na Japan zai gane motar: Opel Blitz ce, wadda sojojin Jamus suka yi jigila da ita. Amma a duba rubutun kwalin daga sama har ƙasa, abin da za a gani shi ne motar kaya ta Jamus mai ɗaukar tan 3. Haka kamfanin ya yi da wata ƙaramar Austin ta sojan Ingila, ya kira ta ƙaramar motar aike ta Birtaniya. Masu sha'awar haɗa irin waɗannan motocin roba, waɗanda ke kwana da gam da fenti da ɗan hantsaki suna liƙa madubin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, sun daɗe suna musu a kan wannan. Wasu su ce ganganci ne. Wasu kuma, musamman sababbin shiga, su ɗauka an sayar musu da jabu.

Wannan zato na jabu shi ne ke ba ni haushi, don ya juya maganar a baibai. Mai yin jabu ai suna yake nema, shi zai fara mannawa, ƙato-ƙato. Wanda ya auna kowace ƙusa ta mota ya rage ta sau 35, sannan ya bar sunan, ba mantawa ya yi ba. Suna da tambari dukiya ce mai rajista, kuma masu ita sun gano ana iya karɓar kuɗi a kanta.

Motar tsere guda ɗaya ta isa misali. Akwai kamfanin da ya ƙera ta, akwai mai taya, akwai mai man inji, ga masu talla da suka cika jikinta da rubutu, wani lokaci har da direban. Kowannensu na iya cewa sai da lasisi, wato a biya shi wani kaso a kan kowane kwali, a aika masa samfuri ya duba, a jira amsar lauyoyinsa. Mazubin ƙarfen da ake zuba robar a ciki kuwa tsada ne da shi, kasuwar kuma ba ta da faɗi. Shi ya sa za ka buɗe kwali ka tarar da taya sumul, ba rubutun Goodyear a gefenta. Maganar sunan sigari daban ce: McLaren ɗin da Ayrton Senna da Alain Prost suka ci tsere 15 cikin 16 da ita a 1988 takan zo da ja da farinta amma ba kalmar Marlboro, wannan kuwa dokokin hana tallan taba ne suka jawo, kada a haɗa su.

To shin mai tambari yana da wannan iko da gaske? Nan ne aka fi yin kuskure, don mutane sun ɗauka wanda ya yi rajistar tambari ya mallaki duk inda siffarsa ta bayyana. Asalin aikin alamar kasuwanci shi ne ta gaya wa mai saye daga hannun wa kaya suka fito, don kada a cuce shi. Yaro ya yanka gwangwani ya ƙera mota, ya yi mata taya da silifa, ya zana zakin Peugeot a goshinta. Ba wanda zai gan shi yana janta a layi ya ce kamfanin Peugeot ne ya fitar da ita. Zakin na nan ne don motar ta yi kama da wadda yaron ya gani a titi, shi ke nan.

Kusan wannan hujja ce ta kai har kotun Tarayyar Turai. Kamfanin Opel ya yi rajistar tambarinsa, da'irar nan da walƙiya ta ratsa, a 1990, kuma rajistar ta haɗa da kayan wasa. Sai wani kamfanin Jamus mai suna Autec ya fitar da ƙaramar Opel Astra mai rimot, an rage ta sau 24, da tambarin a gabanta kamar yadda yake a babbar. Sunan Autec da na Cartronic, wanda yake sayar da kayansa da shi, suna jikin takardar bayani da rimot ƙarara. Opel ya kai ƙara a Nuremberg, kotun can ta nemi fatawar kotun Turai, wadda a Janairun 2007 ta ce abin dubawa shi ne ko amfani da tambarin ya taɓa aikinsa na nuna asalin kaya. Da magana ta koma gida, alƙalan Jamus suka ce mai saye a ƙasarsu ya saba da ƙananan motoci masu kwaikwayon na gaske, yana kallon tambarin a matsayin wani sashe na kamannin. A Janairun 2010 babbar kotun tarayyar Jamus ta tabbatar da haka. Opel ya sha kaye.

Sai dai hukuncin Jamus a Jamus ya tsaya, kuma ya dogara ne da yadda masu saye a can suke fahimtar abin. Kamfanin da ke aika kwalayensa ƙasashe da yawa ba zai iya yin shari'ar shekaru a kowace ƙasa ba. Wasiƙar lauya guda ta isa ta sa ya goge suna ko ya biya, ko da kuwa shi ke da gaskiya. Yawancin kuɗin lasisin nan, a ganina, kuɗin gudun kotu ne.

A Amurka abin ya fi zafi. Kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya maka masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa, Lionel da Athearn, a kotu a 2004, saboda tambarinsa da ke jikin taragunsu. Masu sha'awar abin suka yi ca a kansa, don su ne ke yi masa talla kyauta a falonsu. A 2006, cikin sulhun da ya yi da wani kamfanin mai suna MTH, ya yarda masu ƙerawa su riƙa amfani da tambarin ba tare da biyan kaso ba.

Wanda ya fi wuyar haɗiya shi ne na jiragen yaƙi. A waɗancan shekarun ne dai manyan 'yan kwangilar soja irin su Boeing da Lockheed Martin suka matsa wa masu ƙera ƙananan jirage da neman kuɗin lasisi. Jiragen nan da harajin talakan Amurka aka zana su, aka ƙera su, lambobi irin su F-16 kuma gwamnati ce ke bayarwa. Wani ɗan majalisar wakilai daga New Jersey, Rob Andrews, ya gabatar da ƙudurin da zai hana 'yan kwangila karɓar irin wannan kuɗi, ƙudurin bai zama doka ba. Jami'an da suka sa hannu a kwangilolin biliyoyin daloli ba su ga ya kamata su tsaya su rubuta wa ke da ikon kamannin jirgin ba, aka bar ƙananan kamfanoni da manyan lauyoyi.

Masu haɗa motocin dai sun nemo wa kansu mafita. Akwai ƙananan masu buga sitika da ke sayar da 'yar takarda mai ɗauke da duk abin da aka cire: sunan taya, tambarin goshi, har da na sigarin. Mutum ya sayi kwali, ya sake biyan kuɗin sitika daban, ya jiƙa ta a ruwa, ya zame rubutun a hankali da tsinke zuwa gurbinsa. Sau da yawa mai tambarin ko kwabo ba ya samu daga wannan ciniki na biyu.