Ƙararrawar ƙofa: kada wutar 220 ta kai bakin get

Duk wanda ya taɓa sauka Briqueterie a nan Yawunde ya san yadda baƙi ke isowa cikin dare daga Ngaundare ko Garwa, a yi ta dukan get ɗin ƙarfe har maƙwabta su farka. Shi ya sa masu masauki da yawa suke sa ƙararrawa. To, amma fa akwai abin lura.

Wutar da ake kawowa gidajenmu bolt 220 ce. Maɓallin ƙararrawa kuwa a waje yake, ruwan sama na dukansa, yara na latsa shi da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi. Idan aka ja 220 kai tsaye zuwa wurin, ranar da ruwa ya shiga maɓallin, get ɗin gaba ɗaya na iya ɗaukar wuta. Aikin ɗan ƙaramin taransifoma ke nan: ya sauke 220 zuwa bolt 8 ko 12, wadda ba ta yi wa mai latsawa illa.

Taransifoman yana da ɓangare biyu. Inda aka rubuta 220 ko 230, nan wayoyin gida biyu suke shiga: mai wuta, galibi ja ko ruwan ƙasa, da shuɗiya. A ɗauko su ta bayan ƙaramin makunnin kariya, ba daga bakin mita ba. Inda aka rubuta 8V ko 12V, nan siraran wayoyi suke fita: ɗaya ta tafi ƙararrawa, ɗaya ta bi ta maɓalli ta dawo ƙararrawar. Kada a cusa siraran nan cikin bututu guda da wayoyin 220.

Kafin a taɓa komai, a kashe babban makunni, a gwada da tasta. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri. Ba ta sallama idan za ta dawo. Ɓangaren 220 kuma, don Allah a bar wa mai gyaran wuta.

'Yan kasuwa, ku karanta jikin kaya kafin ku sara. Taransifoman da aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, a wutarmu ƙonewa zai yi. Kamaru, Najeriya, Nijar da Chadi duk 220 zuwa 230 muke amfani da ita. Ku duba kuma bolt ɗin ƙararrawar ya dace da na taransifoman.

Ɗan ɗumi a jikinsa ba matsala ba ne. Amma in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ka ji ƙauri, kashe shi nan take, ka duba ko maɓallin ne ya maƙale. Allah ya tsare mu da iyalanmu.