Tsohon Mafici Mai Naɗewa na Ƙasar Holan

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi ba su dogara ga rubutattun littattafai kaɗai ba wajen gano yadda mutanen da suka rayu. Kayan amfanin yau da kullum ma shaida ne ga wanda ya san yadda ake nazarinsu. Misali a nan shi ne mafici mai naɗewa, na takarda da itace, wanda matan ƙasar Holan suka yi yayinsa a ƙarni na 17 da na 18.

1.1 Sigarsa

Maficin kaba da Bahaushe ya saba da shi a shimfiɗe yake, ba ya naɗuwa. Wannan kuwa siraran sandunan itace ne ake jerawa, a huda gindinsu, a haɗe su da ƙusa guda. Sai a lanƙwasa takarda ninki-ninki a liƙa a kansu. Sanduna biyu na gefe sun fi sauran kauri, domin su ne ke kare takardar idan an naɗe. In an buɗe shi yakan yi kusan rabin da'ira. Masu hali sukan sayi na hauren giwa, na itace kuwa ya fi sauƙin kuɗi.

1.2 Asalinsa

A ƙasar Japan aka ƙirƙiro irin wannan mafici, daga nan ya shiga ƙasar Sin. Fataken Fotugal ne suka kai shi Turai ta teku a ƙarni na 16. A shekarar 1602 mutanen Holan suka kafa kamfanin cinikin ƙasashen Gabas da ake kira VOC. Daga 1641 kuma, na tsawon fiye da shekara 200, su kaɗai ne Turawan da Japan ta yarda su yi ciniki da ita, a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Wannan fatauci ya sa kayan Gabas da salon zanensu suka yawaita a kasuwannin Amsterdam.

Abubuwa biyu suka ƙarfafa sana'ar a cikin gida. Na farko, a 1685 Sarki Louis na 14 na Faransa ya soke dokar da ta ba mabiya ɗariƙar Furotesta 'yancin ibada, sai masu sana'a da yawa, har da masu yin mafici, suka yi hijira zuwa Holan da Ingila. Na biyu, Holan ta shahara da takarda mai kyau, wadda ake yi da tsumma a masana'antun yankin Zaan masu aiki da ƙarfin iska.

1.3 Zanen da Ke Kansa

Akan zana furanni, ko makiyaya, ko gine-gine irin na Sin. Akwai kuma maficin zuwa coci, mai ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki, wanda mata kan riƙe a wurin ibada. Da aka fara buga zanen da ɗab'i a ƙarni na 18, sai farashi ya sauko, mafici ya kai hannun masu matsakaicin hali.

1.4 Adana Shi

Amfani da mafici shi ne ajalinsa, domin kowace buɗewa tana cin ninkin takardar. Hasken rana na koɗar da launi, danshi na kawo fumfuna ya karkatar da itace, ƙwari kuma na cin takarda. Shi ya sa gidajen tarihi, kamar Rijksmuseum na Amsterdam, ke ajiye irin waɗannan kaya a wuri mai ƙarancin haske, ba a kuma yawan taɓa su. Wanda ya lalace ya tafi da labarinsa.

1.5 Kammalawa

Mafici guda ya tattara tarihin fatauci da hijira da addini da fasaha. Malamin da ya fahimci haka zai iya ɗora kowane tsohon kaya a gaban ɗalibai, ya sa su tambaya: da me aka yi shi, daga ina ya zo, wa ya yi amfani da shi?