Tsohon Kuɗi Mai Tabo: A Saya Ko A Bari?

A kasuwannin da ke bakin babbar hanya, tun daga Gidan Rumji har Cadawa, Agye da Gazawa, kowa ya san abin da zai biyo baya idan ka miƙa wa mai ƙosai dala ashirin wadda rubutunta ya shafe. Za ta juya ta gaba da baya, ta maido maka, ta ce, "Malam, wannan ta goge, sake mini wata." Bankin BCEAO yana musanya irin waɗannan sulalla, yana kuma da reshe a Maraɗi, amma mai ƙosai ba za ta bar kaskonta ta hau mota don dala ashirin ba. Mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi ya kamata ya yi karatu a wurinta, domin tambayar da take yi wa kanta ita ce ta gaskiya: in na karɓa, wa zai karɓa daga hannuna?

Yankin nan na Maraɗi yana da abin tarawa fiye da wurare da yawa, saboda kuɗin Turawa biyu ne suka yi ta gogayya a cikinsa. A zamanin mulkin mallaka Faransa tana karɓar haraji da tamma, amma gyaɗa da dabbobi da fatake suna gangarawa Jibiya, Katsina da Kano, su komo da kuɗin Ingilishi. Shi ya sa a ƙasan akwatin tsohuwa a Tibiri ko Gangara za ka iya tarar da anini da kwabo da sisi da sule, gauraye da tammar alminiyam ta 1948 mai kan barewa, wani lokaci har da babbar dala ta azurfa. Galibinsu sun sha wuya. An huda wasu, an liƙa wa wasu kunne don a rataya, wasu sun lanƙwashe, wasu ƙasa ta ci su.

Kafin a kira kwandala mai aibi, sai a san huda iri biyu ce. Anini da kwabon Afirka ta Yamma ta Ingilishi da rami a tsakiya aka buga su tun daga masana'anta, don a iya zura su a igiya, da tauraro mai tsini shida a bayansu da rubutun Larabci a gaba. Wannan rami ba lahani ba ne, kuma duk wanda ya rage maka farashi ko ya ƙara saboda shi bai san kayan ba. Hudar da ke rage daraja ita ce wadda maƙeri ya yi kusa da baki, sau da yawa ta cinye harafi ko shekara.

Ga wanda yake tara kuɗi da fatan wata rana ya sayar da riba, hukuncina a taƙaice yake: ya bar masu tabo. Araha ba ta ado. An buga yawancin waɗannan sulalla da yawan gaske, lafiyayyunsu ba su yi wuyar samu ba, don haka dillali a Yamai ko Kano ko Paris ba shi da dalilin sayen hudajje alhali ga mai kyau nan kusa. Ɗauki kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus tun kafin a yi bikin naɗinsa. Labarin yana da daɗi, masu talla kuma suna son kawo shi don su ɗaga farashi, amma kwabon ba baƙo ba ne a hannun masu tara kuɗi. Gogagge daga cikinsa kusan kyauta ya dace a ba ka. Gara mutum ya haɗa kuɗin goma masu aibi ya sayi guda ɗaya wadda shekararta da rubutunta suke fes.

Inda maganar ta sauya shi ne kan azurfa, domin ita ko an huda ta nauyinta yana nan. Dalar Faransa ta tamma biyar giram 25 ce, kashi tara cikin goma azurfa. Dalar Mariya Tereza ta Ostiriya ta ɗan haura giram 28, azurfarta kuwa kimanin kashi biyar cikin shida. Sule da fataka na farko, daga 1913, su ma azurfa ne, sai a 1920 da azurfa ta yi tsada aka koma buga su da tagulla. Irin waɗannan, idan sun lalace, a saye su kan farashin ƙarfensu kawai, yadda maƙerin fari zai saya don narkawa, ba kan farashin tarihi ba. A ɗora a sikeli. A kusanto da maganaɗisu, domin ba ya kama azurfa. Kada kuma shekarar 1780 da ke jikin Mariya Tereza ta ruɗi kowa: a shekarar sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan duk wadda aka ci gaba da bugawa, har cikin zamaninmu, wannan shekarar ake sa mata. Jabunta ma suna yawo, kuma tabo da baƙin datti su ne mafakar mai jabu.

Amma ba kowa ke tarawa don riba ba, kuma a nan ne nake rabuwa da littattafan farashi na Turai. A wurinsu dalar da aka liƙa wa kunne ta mutu. A wurin malamin makaranta a Cadakori da ke son nuna wa ɗalibai yadda kakanninsu suka rayu, ita ce ta fi magana. Kunnen nan shaida ne cewa akwai zamanin da mace ke ajiye dukiyarta a wuyanta ko a kitsonta, in fari ya zo ta ciro ɗaya ta sayi hatsi. Sulen da ya goge har bishiyar kwakwar da ke bayansa ta kusa ɓacewa ya bi hannaye ba adadi a cinikin gyaɗa. Irin wannan tabo aikin mutanenmu ne, ya cancanci a adana shi, da sharaɗi ɗaya: a rubuta daga wane gari ya fito, a hannun wace zuriya, me aka yi da shi. In babu wannan takarda, abin da ka riƙe hudajjen ƙarfe ne kawai. Mafi yawan masu sayarwa, in an zauna da su da ladabi, sun fi son ba da labarin fiye da yin ciniki.

Akwai lahanin da ba ya faɗin komai, shi kuma a guje shi ko da kyauta ne. Koren tsatsa mai kama da gari da ke fitowa a jikin tagulla da jan ƙarfe ciwo ne mai ci gaba, damina tana ƙara masa ƙarfi, yana kuma iya shafar sulallan da aka haɗa su a gwangwani ɗaya. Alminiyam ma ba ya jure laima. Aninin farko na 1907 da shi aka yi, bai yi ƙarko ba, a 1908 aka sauya ƙarfen.

Ɓarna mafi yawa kuwa ba ƙasa ke yin ta ba, masu kayan ne. Mutum ya tsinci kwabon kakansa ya yi duhu, sai ya ɗauko toka da lemun tsami, ko tsamiya, ko ma ruwan batir, ya dirje shi har ya yi ƙyalli. Wannan duhun da ya kankare shi ne abin da masana ke dubawa, kuma zanen dirza ba ya goguwa. Idan ka ga tsohuwar kwandala tana walƙiya amma rubutunta ya lafa, an wanke ta ne, farashinta kuma ya faɗi ƙasa da na wadda aka bari da duhunta. In datti ya yi yawa, ruwa mai tsabta ya isa, a shanya ta bushe sarai, a riƙe ta ta gefe, a sa kowace a ƴar ambulan ɗin takarda ita kaɗai, a rubuta shekara da garin da aka samo ta a bayan ambulan ɗin.