Fotoluminesans a cikin ma'adinai

Fotoluminesans shi ne hasken da wani abu ke fitarwa bayan ya sha wani haske daga waje. A cikin ma'adinai da sauran daskararrun abubuwa marasa rai, galibi wannan ƙyalli yana fitowa ne daga naƙasun da ke jikin kiristal. A shekarar 1852 masanin kimiyya George Stokes ya yi bayanin irin wannan ƙyalli, ya kuma samo masa suna daga dutsen fulorait.

Ire-iren naƙasu

Kiristal abu ne da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru sahu-sahu bisa tsari guda. A zahiri babu kiristal da jerinsa ya cika cif. Naƙasun da suka fi yawa iri uku ne: gurbin da ƙwayar zarra ta bari babu kowa, ƙwayar da ta kutsa tsakanin sahu, da kuma baƙuwar ƙwaya da ta zauna a mazaunin wata.

Yadda hasken ke fitowa

A cikin kiristal, elektiron na iya zama a matakin ƙarfi na ƙasa ko na sama, tsakaninsu kuma akwai rata da ba ya iya tsayawa a ciki. Naƙasu ne ke samar da ƙananan matakai a cikin wannan rata. Idan haske mai ƙarfi, kamar ultrabayolet, ya faɗa kan kiristal, sai ya ɗaga elektiron sama. Wajen saukowa yakan bi ta matakin da naƙasun ya samar, ya saki ƙarfinsa a matsayin haske. Da yake wani kaso na ƙarfin yakan tafi a zafi, hasken da ke fitowa ya kan gaza wanda ya shiga ƙarfi, launinsa kuma ya karkata zuwa ja.

Wasu naƙasun tarko ne, suna riƙe elektiron na daƙiƙoƙi, ko sa'o'i, ko dubban shekaru. Shi ya sa hannun agogo mai fentin sitirontiyom aluminet ke ci gaba da ƙyalli cikin duhu.

Misalai

Jan yakutu da shuɗin yakutu asalinsu ma'adini guda ne, wato haɗin alminiyam da iskar oksijin. A jan yakutu, ƙwayoyin kuromiyom kaɗan ne suka maye gurbin alminiyam, su ne ke fitar da jan haske mai tsawon zango kimanin nanomita 694. Da shi Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a Amurka a 1960.

Akwai kuma naƙasun da ke kashe ƙyalli. Shuɗin yakutun da ake haƙowa a yankin Nisama ta Jema'a, a kudancin Jihar Kaduna, yana cikin irin da ke fitowa daga duwatsun aman wuta. Irin wannan yana da ƙarfe da yawa, ƙarfen kuma kan mayar da ƙarfin hasken zafi, don haka ba kasafai yake ƙyalli a ƙarƙashin fitilar ultrabayolet ba. Masu gwajin duwatsu masu daraja na la'akari da wannan wajen gano asalin dutse.

Farin ƙwan LED da ake sayarwa a shagunan Abakpa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ma da wannan hikima yake aiki. A cikinsa akwai ɗan guntu mai fitar da shuɗin haske, an lulluɓe shi da rawayan gari mai ɗauke da baƙin ƙwayoyin seriyom. Garin na shan wani ɓangare na shuɗin ya fitar da rawaya, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED.

Auna shekarun kayan tarihi

Ƙwayoyin yashi da ke cikin yumɓu na tara elektiron a tarkunansu sakamakon tururin nukiliya da ke fitowa daga ƙasa a hankali. Gasa yumɓu na kwashe tarkunan kaf, sai tarin ya faro daga farko. Idan aka zafafa ɗan gutsure a ɗakin gwaji, ko aka haska shi, yawan hasken da ya fito na nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashin ƙarshe. Hanyar zafafawa ana kiranta tamoluminesans, kuma an yi amfani da ita a kan mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba. Da ita kuma ake bambance tsohon aiki da na jabu da aka gasa kwanan nan, domin sabon yumɓu bai daɗe da zai tara elektiron masu yawa ba.