Farin Soso a Saman Silin: Yana Tare Sanyi, Yana Ciyar da Wuta

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, ɗumin gida ta sama yake sulalewa. Shi ya sa suke shimfiɗa abin da zai tare shi a sararin da ke tsakanin silin da rufi. Cikin kayan da aka daɗe ana sawa har da polistarin, farin soson nan marar nauyi da ake tokare sabon talabijin ko firij da shi a cikin kwali. Ga araha, ga sauƙin yankawa, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce, ita ce ma ke hana zafi ratsa shi.

Sauran kashi biyun ne abin tsoro, domin roba ce da aka samo daga ɗanyen mai. Da zafi ya doshi digiri 100 sai ya fara laushi yana ƙanƙancewa. In wuta ta kama shi kuwa, narkewa yake yi yana ɗiga, ɗigon na ci bal-bal, duk inda ya sauka ya kunna wata wutar. Hayaƙinsa baƙi ƙirin ne, mai kauri, cike da iskar guba, yana rufe ido kafin mutum ya lalubo ƙofa.

An ga haka a filin jirgin saman Dusseldorf na Jamus ranar 11 ga Afrilun 1996. Masu walda na aiki a kan titin da ya bi ta saman ginin, wuta ta zurara ta sami polistarin da ke ɓoye cikin silin. Ta yi ta ci a ɓoye, jama'a na harkarsu a ƙasa, har hayaƙi ya ɓarke. Mutum 17 suka rasu, kuma hayaƙin ne ya kashe su, wasu a cikin lifta, wasu a ɗakin jiran jirgi.

A gida ba sai an kira mai walda ba. Wayar lantarki ta isa. Robar PVC da ke lulluɓe da waya ba ta jituwa da polistarin: in suka daɗe a manne, sai soson ya zuƙe sinadarin da ke sa ta laushi, ta bushe ta tsage. Wayar da aka binne cikin soso kuma ba ta samun wurin huce zafinta. Ƙara da fitilun da ake nutsawa cikin silin, waɗanda bayansu ke ɗaukar zafi.

Masu sayarwa kan ce nasu an sa masa maganin hana kama wuta. Gaskiya ne akwai irinsa, amma ƙaramin tartsatsi yake iya kaucewa, babbar gobara cinye shi take yi. A ma'aunin Turai na kama wuta, irin wannan yana kan matakin E, na biyun ƙarshe, alhali audugar dutse da audugar gilashi suna kaiwa A1, wato ba sa ci.

A ganina, polistarin tsirara ba shi da wurin zama a saman silin. In ya zama dole, a rufe shi da allon jifsam, a zura wayoyi cikin bututu, a nisanta shi da fitila. Wanda ya sayi tsohon gida a ƙasashen sanyi, ko yake shirin sa polistarin ƙarƙashin kwanon rufi a nan gida don maganin zafi, ya fara kiran ƙwararren mai aikin lantarki ya hau ya duba.