Ladan Wanka da Ladan Cigiya a Bakin Kogin Ganga

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san labarin nan: wa da ƙane sun ɓace wa juna suna yara a cikin cunkoson biki, ba su sake haɗuwa ba sai da suka zama magidanta. Bikin da 'yan Indiya kan ambata idan ana wannan zance shi ne Kumbh Mela, taron ibada mafi girma na mabiya addinin Hindu.

Garuruwa huɗu ne ke karɓar baƙuncinsa: Prayagraj da Haridwar da Ujjain da Nashik, kowanne bayan kimanin shekara 12. Kumbh na nufin tulu. A imaninsu, alloli da miyagun halittu sun yi kokawa a kan wani tulu mai ɗauke da ruwan dawwama, sai ɗigonsa ya zuba a waɗannan wurare. A Prayagraj kogin Ganga ke haɗuwa da Yamuna, kuma sun yi imani akwai na uku, Saraswati, wanda ido ba ya gani. A nan aka yi na 2025 daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu, kuma gwamnatin jihar Uttar Pradesh, inda garin yake, ta ce adadin masu wanka ya haura miliyan 660.

Irin wannan wuri suna kiransa tirtha, wato mashigin kogi inda ake tsallakawa. Mai ziyara yana fatan ruwan ya wanke masa zunubi, ya samu punya, wato lada, ya matso kusa da kuɓuta daga mutuwa da sake haihuwa, wadda a akidarsu ba ta ƙarewa sai an tsarkaka. Wasu, galibi dattawa, kan tare a kan yashin bakin kogi wata guda cur. Abinci sau ɗaya a rana, kwana a ƙasa, wanka tun duku-duku cikin sanyin Janairu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne seva, wato hidima don lada. A wurinsu, ciyar da baƙon da ya zo ibada ita ma ibada ce. Shi ya sa manyan tukwane ba sa sauka daga murhu. Attajiri da almajirin gidan bauta su yi ta zuba wa mutane shinkafa da burodinsu na gargajiya kyauta, ba a tambayi kowa daga ina yake ba.

Sai dai akwai masu hidimar da ba a cika tunawa da su ba: dubban masu shara da wankin bayan gida, yawancinsu daga jinsin Dalit da aka daɗe ana ƙyama. A 2019 Firaminista Narendra Modi ya wanke ƙafafun wasu daga cikinsu a Prayagraj. Karamci ne, amma a ganina albashi mai kyau da mutunci na kullum sun fi dacewa da mutanen da ke kare wannan taro daga annoba.

Wata hidimar kuma ita ce cigiya. A 1946 wani saurayi, Raja Ram Tiwari, ya tarar da wata tsohuwa a cikin cunkoson masu ziyara a Prayagraj tana kuka ta rabu da 'yan'uwanta. Ya naɗe gwangwani ya yi bututun magana, ya yi ta zagaya da ita yana cigiya har aka dace. Daga nan ya kafa rumfar cigiya, ya riƙe ta kusan shekara 70, har rasuwarsa a 2016. Ɗansa ne ya gaje shi. Masu ɓata galibi yara ne da tsofaffin ƙauye marasa waya, waɗanda sunan garinsu kaɗai za su iya faɗa. A ba su bargo da abinci, a yi ta kiran suna ta lasifika dare da rana.

Da tsakar daren 29 ga Janairun 2025, ranar da suke ganin wanka ya fi lada, turmutsutsu ya auku kusa da mahaɗar kogunan. Hukumomi suka ce mutum 30 sun mutu. Da gari ya waye, dangi suka yi ta sintiri tsakanin asibitoci da rumfunan cigiya, riƙe da hotuna, suna jiran a kira sunan nasu.